Rakiya Har Bakin Gulbi

Shekarun baya, tun ina gidanmu a Jega ban yi aure ba, wata ƙawata ta kawo mini ziyara. Tare muka yi makaranta, 'yar Zariya ce amma aure ya kai ta Kontagora. Tun a waya ta ja mini kunne. Ta ce, "Ke na san halinki, kada in zo ki ajiye ni a ɗaki kina ɗura mini tuwo. Yawon buɗe ido zan zo." Na ce ta taho kawai, garinmu ba abin da babu. Ina kashe wayar na zauna na yi tagumi, don wallahi ban san inda zan kai ta ba. Ni a lokacin gani nake ba komai a Jega sai kasuwa da zafi da manyan motoci.

A wannan lokacin idon mahaifiyata ya riga ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa wanda ya rage. Ita da kanta takan ce gani take kamar mai leƙe ta kafar ƙofa: abin da ke gabanta daidai tana ganinsa, gefe da gefe kuwa duhu, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take. Da ta taɓa faɗuwa a bakin kwata kan hanyar gidan suna, yayana ya kafa doka cewa Inna ta daina fita sai asibiti. Tsoro ne ya sa shi, mu ma duk mun goyi bayansa. Mahaifiyata irin matan nan ne da ba su iya roƙon 'ya'yansu abu ba, sai ta ɗauki tabarmarta ta koma gindin dogon yaron da ke tsakar gida.

Abin da ya kamata ku sani shi ne 'yar bakin gulbi ce. A wani ƙauye da ke gaɓar ruwa aka haife ta, mahaifinta fito yake yi da kwale-kwale, yana ƙetarar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Takan ce ta iya iyo kafin ta iya daka. Tun da dokar yayana ta fara aiki ba ta sake ganin gulbin ba, don hanyar asibiti ba ta nan ta bi ba.

Ƙawata ta iso da kaka, ruwan sama ya ɗauke amma fadama ba ta bushe ba. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar jagora. Na kai ta kasuwa, muka ratsa layin masu shinkafa da na masu busasshen kifi, muka leƙa kara ta ga shanu, mahauta suka yi ta tsokanarta saboda Hausarta, ita ma tana ramawa da tasu. Na kai ta Aliero ta ga albasa tsibi-tsibi ana ɗura wa buhuna, ta ce tun da take ba ta taɓa sanin gari guda zai iya yin ƙamshin miya ba. Na nuna mata unguwar masu ɗori, inda ake kawo masu karaya daga nesa, ta leƙa sau ɗaya ta ce ya ishe ta. Da wuraren suka ƙare mini, har wani sabon gidan mai na kai ta, wai don akwai shago mai sanyi a ciki. Matar da ta sha zuwa Kaduna da Abuja nake nuna wa firji. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata.

Kullum muka dawo da la'asar, mahaifiyata na kan tabarmarta tana jira. "Mi kunka gani yau?" Ƙawata ta zauna kusa da ita ta kwashe labari ta ba ta. Rannan sai Inna ta tambaye ta, wai wannan yawon da muke yi ba gidan biki ba gidan gaisuwa, mene ne sunansa. Ƙawata ta ce, "Yawon buɗe ido ake ce masa, Inna."

Mahaifiyata ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ikon Allah. Ku da naku idanun ke buɗe, ku aka kaiwa buɗewa? Mu masu ruhewa hwa?"

Duk muka yi dariya, don cikin raha ta faɗa. Na dai lura ƙawata ta riga mu yin shiru.

Ana gobe za ta tafi muka je Maiyama gaida gwaggona. Hanyar ta kan gada ta bi. Da muka dawo Inna ba ta tambayi gwaggo ba sai daga baya. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kun bi ta gada ko? Gulbi ya kawo bana?" Na ce ya kawo mana. Ta ce, "Har ina? Ya kai tsamiyar nan ta mashaya?" Ni ban gani ba, don lokacin da muka hau gadar kaina na kan waya. Ƙawata ce ta ce ta ga wata babbar bishiya ruwa ya kusa gindinta, da wasu fararen tsuntsaye a kai. Inna ta ce, "Ita ta. Balbelu na." Daga nan ta juya fuska ta ci gaba da jan carbinta.

Da safe ƙawata ta haɗa kaya, ta durƙusa ta yi sallama. Sai mahaifiyata ta laluba ta ɗauko gyalenta da sandarta, ta ce, "Bari in taka ma baƙuwata."

Kun san yadda rakiya take a wurinmu. Mai gida ba ya barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai ya taka masa. Kuma baƙon ne ke sallamar mai rakiya, ya ce, "To, a koma haka nan, na gode." In babba ne ya taso, tun daga zaure ake sallamarsa, ba a bari ya wahala. Shi ya sa ban hana ba. Na ɗauka iyakarta ƙofar gida.

Muka kai ƙofar gida, ƙawata ba ta sallame ta ba. Ta dai riƙe hannun Inna tana ba ta labarin wata kishiyar maƙwabciyarta da ba wanda ya tambaye ta. Muka wuce masallacin unguwa. Muka wuce mai injin niƙa. Na matsa kusa na mintsini ƙawata, na ce a hankali, "Ke, ki sallame ta mana." Ta ce, "Wai kin ɗauko mini cajata kuwa?" Na sake mintsininta, ta canja hannun da take riƙe jaka ta koma ɗaya gefen. Mahaifiyata kuwa tafiya take ƙwas-ƙwas da sandarta, tana amsa gaisuwar mutane ta murya, fuskarta a sake kamar mai zuwa gidan biki. Ni kuwa sai waige-waige nake, don shagon yayana a bakin tasha yake.

Ai kuwa ya hango mu. Ya baro mai ciniki tsaye ya taho da sauri, ya rusuna ya gaida Inna, sannan ya watso mini wani kallo da har yau ina tuna shi. Ba dama ya yi faɗa a gaban baƙuwa. Sai ya juya wurinta cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ai sai ki sallami tsohuwa ta koma, rana ta fara zafi."

Ƙawata ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni dai ban gaji da rakiyar ba tukuna."

Inna ta ce, "Baƙuwata ta, ba taka ba. In ta sallame ni, ni koma."

Nan take ƙawata ta tsayar da mai keke ta ce ya kai mu gada, wai can za ta tari motar Kontagora, ta fi son ta hanya. Ƙarya ce, ga mota nan a tasha ana lodi, har ɗan kamasho na kiranta. Muka shiga mu uku. Ina waiwayawa na ga yayana ya rufe shago ya hau babur ɗinsa yana bin mu a baya.

A gindin gada akwai gangare mai tsakuwa da ake bi a sauka bakin ruwa. Ni na ɗauka nan za a yi ta. Sai na ga yayana ya kafe babur, ya zo ya karɓi sandar daga hannun Inna ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe kafaɗata, Inna." Haka ya sauko da ita a hankali, yana gaya mata inda za ta sa ƙafa.

Ban san yadda zan kwatanta muku safiyar nan ba. Ruwa ya cika fal, rana na wasa a kansa. Can ƙetare shinkafa ta yi jawur a fadama. Masunta na jawo taru, mata na wanki, wani Bafulatani ya koro shanunsa shan ruwa. Duk abin nan yana bayan gidanmu, ni kuwa na kai baƙuwa kallon firji.

Mahaifiyata ta tsaya cak. Da yake ta ƙaramar kafa take gani, ba ta iya kallon gulbin gaba ɗaya. Sai ta fara daga hagu, tana juya kai kaɗan-kaɗan, ta tsaya, ta ƙara juyawa. Ta ga tsamiyar ta gaishe ta kamar mutum. Ta nuna inda mahaifinta ke ɗaure kwale-kwalensa. Na ce, "Inna, ki zauna mana ki huta." Ta ce, "Ƙyale ni, ajiya nika yi."

Da ta gama ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan har idon sawu, ta kamfata ta wanke fuska. Wani dattijo mai kwale-kwale ya ce ko za a zaga da mu. Yayana ya fara cewa a'a, sai ya ga Inna ta riga ta kama bakin jirgin. Matar da muke tsoron ta faɗi a tsakar gida ta shiga ta zauna daram, ni kuwa 'yar Jega na ƙanƙame katako da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na sani. Ƙawata na yi mini dariya, Inna ta saka hannu a ruwa tana jan sa, tana ambaton sunayen ƙauyukan da ke gaba ɗaya bayan ɗaya. Da muka dawo gaɓa muka sayi soyayyen kifi wurin wata mata muka ci a tsaye, da yaji, a takarda. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba.

Rana ta take sosai kafin mu hau kan titi. Mota ta tsaya, akwai wurin mutum ɗaya. Ƙawata ta durƙusa a gefen kwalta ta ce, "To Inna, a koma haka nan. Na gode."

Mahaifiyata ta dafa kanta ta ce, "Ni ad da godiya, ɗiyata. Allah shi ba ki mai raka ki."

Kafin wata damina ta zagayo kafar da take gani ta cikinta ta rufe gaba ɗaya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wani lokaci in na same ta zaune shiru tana murmushi na ce me take tunani, sai ta ce, "Ajiyata nika dubawa." Bayan wasu shekaru Allah ya karɓi abarsa.

Na sha tunanin abin nan. Mu da muke kwana gida ɗaya da ita mun ji maganar buɗe ido mun yi dariya, baƙuwar 'yan kwanaki ce ta ji roƙon da ke ciki. Tun daga nan, in tsoho ya yi wasa da wata magana, nakan tsaya in sake saurara. Kuma duk baƙon da ya zo mini Jega, gulbi nake fara kai shi. In ya ce ruwa ne kawai, sai in ce ya ƙara dubawa, a hankali, daga hagu.

Amma ba wannan ne ke taso mini ba in na hau gadar nan. Ranar da aka ɗauki Inna, maza suka wuce da ita maƙabarta, yayana na gaba riƙe da makara. Mu mata iyakarmu zaure. Na bi su har ƙofar gida na tsaya, ina kallo har suka sha kwanar mai injin niƙa. Ita da ta raka baƙuwa har bakin gulbi, ni 'yarta rakiyata ba ta wuce dokin ƙofa ba. Mata suka yi ta jan hannuna suna cewa in shigo ciki, na kasa, don ba daga bakinsu nake jiran maganar ba.

Kewarta nake yi, ba kaɗan ba. Har yau ba ta ce mini in koma ba.