Masu Rubuto wa Baba Imel

Jiya a Dungas na karɓi salular Baba zan share masa tarkacen imel na 'yan talla da 'yan damfara. Ashe duk amsa musu yake yi: "Lafiya lau, ya iyali?"

Na ce, "Baba, amsawar nan ke ƙara jawo su, wata rana za su cuce ka. Bari in toshe su."

A da, lokacin Baba yana malamin lakwal, wato makarantar boko, duk ranar kasuwa direbobi na kawo wasiƙu, maƙwabta su kewaye shi ya karanta musu.

Ya ce, "Ka bar mini ko guda. Su kaɗai ke rubuto mini yanzu."

Na toshe su duka. Ina isa gida Magarya na rubuta masa imel da kaina.

Ku fa, yaushe rabonku da rubuta wa tsohonku?