Baba Elias, Mai Bin Sawun Ruwa a Cikin Mota

"Ba zan mayar da kafet ɗin nan ba, Oga."

Haka Baba Elias ya faɗa wa Oga Chuks, dillalin tsofaffin motoci da ya yi wa aiki shekara ashirin da shida a Sabon Garin Zariya. A watan Maris na bara ne. Ina wurin, na kai masa abincin rana. Ni 'yarsa ce, Keziya, kuma ba zan ɓoye hakan don a fi yarda da rubutuna ba.

Baba ba inji yake gyarawa ba, ba kuma fenti yake yi ba. Yoyo yake nema. Da safe yakan fito daga Jushi da buta, da gwangwanin hodar jarirai, da tsohuwar wayar birkin keke. Zai barbaɗa hodar a kan robar ƙofa da gefen gilas, ya shiga motar ya rufe kansa, wani ya riƙa zuba ruwa daga waje. Daga ƙasa ake farawa, a hau sama a hankali, domin in aka kwara daga rufi ko'ina zai jiƙe, ba a gane komai. Yakan yi awa biyu a kwance, kansa a ƙarƙashin sitiyari, yana jiran ɗigo ɗaya ya ja layi a kan hodar. Lokacin da nake jami'a a Samaru, 'yan ajinmu sun ce ubana mai yi wa mota wanka ne. Na ce musu eh, shi ne, kuma da butar nan na shigo aji ɗaya da su.

Malam Eric, malamin sakandare, shaida ne. Sau biyu aka canja masa gilashin gaban motarsa, ruwa bai daina taruwa a ƙafarsa ba. Baba ya zura wayar keken nan a siririn bututun da ke zubar da ruwan tagar rufi, ya turo ruɓaɓɓen ganyen darbejiya. Shi ke nan ciwon.

Motar da ta jawo rigimar ja ce, mai ƙofa biyu, irin masu gudun nan da cikinsu ke kusa da ƙasa. Ta haura shekara talatin. Warin rima ya sa Baba ya ɗaga kafet, ya tarar soson ƙasa sharkaf, alhali wata biyar rabon Zariya da ruwan sama. Ita ma bututun rufinta ne ya toshe. Damina bayan damina ruwa yana gangarowa ta cikin ƙarfen gefen gilas yana kwanciya a ƙarƙashin kujerar direba. Ya danna sukundireba kusa da ƙusar da ke riƙe kujerar, sai ta ratsa ta fito ta ƙasa, don tsatsa ta cinye ƙarfen.

Oga Chuks ya ce a shafa gam, a shimfiɗa kafet, a fesa turare. Mai saye zai zo ranar Asabar, kuma a rani wa zai sani? Baba ya ce ƙasan na bukatar walda ta mako biyu, in ba haka ba ranar da aka taka birki da ƙarfi kujera za ta tashi da mutum. Oga ya yi dariya, ya ce coci ranar Lahadi ce, yau Laraba. Da Baba ya ƙi, ya sa wani ya rufe.

Ranar Asabar mai sayen ya zo, Felix, matashin malamin jami'a, da matarsa mai tsohon ciki. Ya zagaya motar sau biyu, sannan ya juyo wajen Baba.

"Baba, kai ka duba ta. Lafiyarta ƙalau?"

"Ɗana, ɗaga kafet ɗin direba ka gani da idonka."

Felix ya ɗaga, ya gani, ya fasa saye. Kafin la'asar an fito wa Baba da akwatin kayan aikinsa bakin titi. Babu wanda ya tsaya masa cikin mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya da shi. Magana ta zaga wurin dillalai cewa tsohon yana ɓata ciniki. Daga Unguwar Gabas har Zabi, gareji huɗu ya je, kowa ya ce babu wuri.

Baba, kai ne mai bin ruwa har inda ya ɓuya. Da na ce mu je ka ba Oga Chuks haƙuri ko don Mama, ka ce ba ka san laifin da za ka ambata ba. Na yi fushi ranar. Yau kunyar maganata nake ji. Na gode maka, kuma Felix, da ya aiko hoton jaririyarsu, ya ce in gode maka a madadinsa.

Ku masu sana'a, in an ce ku rufe abin da kuka san zai cuci wani, ku tuna da shi. Amma ba zan yi muku ƙarya cewa akwai lada a kusa ba. Motar nan an sayar da ita ga wani a wani gari, da ramin a ƙarƙashin kafet. Baba yana da shekara sittin da uku, yana aiki a gindin mangwaro a ƙofar gidanmu, babu rumfa. Wani makon mota ɗaya, wani makon babu. Tarin da rimar motoci ta sa masa bai sake shi ba. Ya rasa wurinsa, ya rasa abokansa, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce masa ya dawo.