Dikodar da Ta Kusa Cinye Unguwarmu

Ba zan faɗi sunana ba, domin yanzu ina da 'ya'ya, kuma ba su san rabin abin da zan gaya muku ba. Ni ɗan ƙauye ne daga ƙasar Haɗeja. Kafin in lalace, dako nake yi a Kasuwar Relief ta Anacha. Ina sauke buhunan albasa daga tirela, in kwana a rumfar Baba Audu, wani dattijo dillalin albasa da ya riƙe ni tun ranar da na sauka garin, saboda ya san mahaifina. Ba na shaye-shaye, ba na caca, salla ba ta wuce ni. Abu ɗaya ne ya mallake min zuciya: ƙwallon Turai.

A bakin unguwarmu akwai gidan kallo na Bulus. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, mai fara'a, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Rumfar kwano ce kawai da bencina da janareta, amma ranar Asabar ba inda ya fi ta a wurina. Hausawa da Ibo a benci ɗaya, ana ihu tare, ana tsokanar juna. Nan ne kaɗai nake mantawa da ciwon baya.

Sai Bulus ya ƙara kuɗin shiga. Ba a jima ba ya sake ƙarawa. Muka taso masa da faɗa, ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi ba ni ba ne. Kamfani ɗaya ne ya sayi izinin nuna wasannin nan a duk ƙasar, kuma da dala ya saya. Duk sanda ya ga dama sai ya ƙara kuɗin wata. Ina zan je? Ba wani shagon da ake sayar da ƙwallon nan."

Aka kai lokacin da sai dai in zaɓa, ko abinci ko kallo. Wata rana nakan tsaya a waje in jingina da kwanon rumfar, ina jin ihun mutane, ban san wanda ya ci ba. A nan Shaiɗan ya same ni. Na fara zare albasa kaɗan-kaɗan daga buhunan Baba Audu ina sayarwa masu abinci. Na ce wa kaina ai ba zai gane ba. Bai gane ɗin ba kuwa, kuma wannan ne ya ƙara min ƙarfin hali.

Wata rana na raka kaya Fatakwal. A tashar Rumuokoro na haɗu da wani mutum da ake ce wa Injiniya, yana da ɗan shago cike da wayoyi. Ya nuna min wata ƙaramar dikoda, ya jona ta da talabijin, sai ga duk tashoshin ƙwallo sun buɗe. Ya ce ba kuɗin wata, ba komai. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma ka ji gaskiya. Wata rana kamfanin zai canza lambobinsa, akwatin ya mutu murus. Kai dai ka tabbata kafin ranar ka yi nisa."

Da kunnena na ji wannan maganar. Ba zan taɓa cewa ban sani ba.

Na sayo ɗaya na kai wa Bulus. Ya juya ta a hannu ya ce, "Anya wannan ba ta sata ba ce?" Na rantse masa cewa sabon kamfani ne daga ƙasashen Larabawa, sau ɗaya ake biya shi ke nan. Ya yarda da ni saboda ya san a gidan Baba Audu nake. Ya daina biyan kuɗin wata, ya rage kuɗin shiga, rumfarsa ta cika har waje. Mutane suka riƙa sa min albarka. Masu gidajen kallo suka fara zuwa suna tambaya, Bulus kuwa ya ce musu, "Ku saya a wurinsa, yaron kirki ne, ni na tsaya masa."

Na bar dako. Na riƙa zirga-zirga tsakanin Anacha da Fatakwal, na sayi waya mai tsada, na ɗinka shadda. Baba Audu ya dube ni wata rana bayan sallar Azahar ya ce, "Yaro, wace irin sana'a ce wannan da ba ta sa mutum gumi?" Na ce harkar lantarki ce, Baba. Bai sake tambayata ba.

A lokacin kuwa gari ba lafiya. Akwai ranakun da ake tilasta wa kowa zaman gida, wanda ya fito ya ga abin da ya gani. Ana ƙona motoci a hanya, sojoji a kowace mahaɗa, kullum da sabuwar jita-jita. Masu iyali da yawa sun tura matansu Arewa. Dattawanmu suna ta gargaɗi a masallaci: ko taka ka aka yi, ka ba da haƙuri, kada wani ya jawo mana. Ina sahu ina jin su, amma a raina murna nake, domin mutanen da aka kulle a gida ba abin da suke so kamar ƙwallo, kasuwata sai ƙara buɗewa take.

Babban cinikina shi ne da Oga Chidi, wani Ibo mai katafaren gidan kallo a tsallaken titi. Samarin da ke cika gidansa ba kallo kawai suke yi ba, kuɗi suke zubawa a kan wasa. Ya sayi dikodata ga kowace talabijin a gidan, ya yanke hulɗa da kamfanin. Shi ma da maganar Bulus ya saya.

Na shirya zan gudu idan an gama gasar shekarar. Ban kai ba.

Ranar wasan ƙarshe ne, da la'asar, ranar da za a san wanda zai ɗauki kofi. Ina zaune a rumfar Bulus, ba masaka tsinke. Ana tsakiyar wasa hoton ya tsaya cak, sannan allon ya yi baƙi. Wasu suka ce hadari ne ya taso. Bulus ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Sai wayata ta fara ruri a aljihu, wannan kira na katsewa wani na shigowa. Na gane ranar da Injiniya ya faɗa ce ta zo, kuma duk akwatunan da na sayar a garin sun mutu a lokaci ɗaya.

Na zame ta baya na ruga rumfar Baba Audu, na kutsa bayan buhunan albasa na kwanta.

Ban daɗe ba na ji ta. Wata irin ƙara ce kamar ruwa mai ƙarfi na tahowa a kan kwano. Samarin gidan Oga Chidi ne suka tsallako titi. Kafin labarin ya iso unguwarmu ya riga ya canza kama. Ba a cewa wani ɗan damfara ya cuci masu gidan kallo. Cewa ake Hausawa sun cuce mu. Waɗanda ba su san me ya faru ba ma suka biyo baya da sanduna. Na ji ana fasa kwalabe, na ji mata na kiran sunayen 'ya'yansu, na ji warin fetur da na taya.

Sannan na ji muryar Bulus. Sun kama shi, tunda shi ya tsaya min. Yana ihu yana cewa bai sani ba, yana rantsuwa, yana roƙonsu da yarensu. Suna tambayarsa ina abokin nan yake. Rumfarsa ba ta da nisa da inda nake kwance. Na san da na fito da sun sake shi. Na cusa bakin buhu a bakina na cije don kada numfashina ya fito. Fitsari ya zubo min ban sani ba. Ina ji har muryarsa ta daina fita.

Hayaƙi ya fara shigowa rumfar lokacin da aka janye buhun da ke kaina. Na rufe ido ina kalmar shahada. Ashe Baba Audu ne.

Ya ce, "Fito."

Na ce, "Baba, ƙona ni za su yi."

Ya ce, "Mai yiwuwa. Amma in ba ka fito ba, unguwar nan gaba ɗaya za su ƙona. An riga an cinna wa rumfar mai shayi da ta masu gyaran takalmi. Me suka yi?"

Tsohon nan ya kama wuyan hannuna ya ja ni. Ashe ya riga ya aika wa dattawan Ibo na kasuwa, su kuma suka kira 'yan sanda. Dattawan ɓangarorin biyu suka sa ni a tsakiya. Oga Chidi da kansa, wanda na cuta, ya tsaya gaban samarin yana daka musu tsawa, yana cewa ga mai laifin nan, hukuma za a ba shi, kowa ya koma gida. Wani ya wurgo taya ta faɗi a gabana. Har aka tura ni cikin mota duwatsu na sauka a kanta, ni kuwa ina ƙudundune a ƙasa kamar kaza.

Alƙali bai sha wahala da ni ba, domin ban musa komai ba. Injiniya kuwa ko da aka je shagonsa a kulle yake, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na yi shekaru a gidan yari. Ba yunwa ko ƙuda ko zafin ɗakin ne suka fi damuna ba. Duk sanda na rufe ido sai in ji muryar Bulus. In aka yi hayaniya a waje, ko ta masu wasa ce, sai in nemi lungu.

Sau ɗaya Baba Audu ya zo ganina. Ya ce Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma Bulus ya rasa ido ɗaya, ya tattara iyalinsa ya koma gida. Mutane da yawa da suka yi shekaru suna neman halak ɗinsu a garin sun bar shi da hannu biyu. Na faɗa masa maganar albasarsa da na riƙa sata. Ya ce, "Wannan na yafe. Sauran ba nawa ba ne."

Da aka sake ni na tarar Baba Audu ya rasu. Ban iya kwana a Anacha ba. Na yi ta tambaya har na gano ƙauyen su Bulus, na same shi a gonarsa ta citta. Sai da ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya gan ni. Na durƙusa a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Tashi. Na yafe maka tun ina asibiti. Amma ka san abin da ya fi idon nan yi min ciwo? Da bakina na ce musu kai yaron kirki ne." Ya sa aka kawo min ruwa na sha, ya koma bakin aikinsa. Bai ce in zauna ba.

Yanzu facin taya nake yi a wani gari da ba wanda ya san ni. Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum ya karɓa.

Ku matasa, musamman ku da ke neman abinci a garin da ba naku ba, ku ji ni. Gaskiya ne kallon ƙwallo ya yi tsada, kuma har yau kamfanin nan ƙara kuɗinsa yake, abin da na yi bai rage masa komai ba. Talakawa 'yan uwana kawai na cuta. In ba ku da kuɗin shiga, ku saurara a rediyo, ko ku jira a ba ku labari da safe. Kada ku taɓa abin da ba naku ba, ko albasa ɗaya ce. Kada ku sa mutumin kirki ya tsaya muku a kan ƙarya. Kuma ku sani, a baƙon wuri, lokacin da gari ke jiran ashana, laifinka ba naka ba ne kai kaɗai. Duk wanda ke jin yarenka sai ya biya, kuma wanda ya fi yarda da kai shi za a fara kamawa.