Gilashin Tsakiya

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Gilashi ya yi yana yankan gilashi a wani ɗan shago a ƙarshen layi, tsakanin mai walda da mai gyaran agogo. Tagogi, madubai, saman tebur, duk shi ne. Babu yatsansa da bai da tabo, babban yatsan hagu ma rabin farce gare shi. Aikinsa kam ba a kushe shi. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba zan rufe masa ba don ya tsufa: yana son yabo kamar ransa. In ka ce aikinsa ya yi kyau, sai ya rako ka har bakin titi yana washe baki.

Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya haɗa wa kansa tankin kifi da ragowar gilashi, ya kafa shi cikin bangon shago, fuskarsa kaɗai ake gani. Ya zuba tsakuwa da ciyawar ruwa, ya sa ɗan famfon iska. Kifi iri biyu ya sayo: ƙananan jajaye masu jela kamar ƙyalle, da wani ƙato baƙi mai tudun goshi wanda ya sa wa suna Mugu. Mai sayar da kifin bai ɓoye masa ba, ya ce in ya haɗa su, Mugu zai cinye su tas. Saboda haka Baba ya yanko wani siririn gilashi, ya goge bakinsa, ya raba tankin biyu da shi, ya dasa doguwar ciyawa a gabansa. Da ya cika ruwa, shi kansa sai da ya ƙura ido kafin ya gano inda ya sa shi.

Mutum na farko da ya leƙa ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, wannan dodon da waɗannan 'yan mitsi-mitsin wuri ɗaya? Yaya ka yi?"

Nan ne ya kamata ya ce akwai gilashi a tsakiya. Kalma huɗu ce kawai. Amma yabon ya riga ya ratsa shi, sai ya shafa gemu ya ce, "Ai sai da haƙuri." Shi ke nan fa. Kafin wata ya zagayo, unguwa ta ɗauka cewa Baba Gilashi har kifi yake sasantawa. In Mugu ya kawo sara ya ci karo da gilashin, mutane su ce gaisawa suke yi. Ma'aurata ma sun fara kawo masa ƙara. Matarsa ce kaɗai ta sani, takan harare shi ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah da furfurarka." Shi kuma ya ce, "Wa na cuta?"

Amininsa shi ne Mai Aski, wanda shagonsa ke layi na gaba. Tun suna samari yake masa aski, kuma tun lokacin yake zolayarsa da tudun kansa, yanzu ma cewa yake ya fi Mugu tudu. Mai Aski yana da tanki shi ma, Baba ne ya haɗa shi, amma na marigayiyar matarsa ne. Jajaye takwas ta bari a ciki. Bayan rasuwarta ya kawo tankin shago, ya ajiye ƙarƙashin madubi, yana ba su abinci da ɗan cokalin da take amfani da shi, daidai lokacin da ta saba.

Wata ranar Laraba Baba ya je aski, sai ya hango baƙin kifi mai tudun goshi a tankin. Babu komai tsakaninsa da jajayen.

Mai Aski ya ce, yana ɗaura masa ƙyalle a wuya, "Ka ga na bi sahunka, mutumina. Marigayiya ma ta daɗe tana sha'awar naka, Allah bai nufa ba. Gaya mini sirrin."

Shagon cike yake, mutum biyar a kan benci, duk sun miƙa kunne. Baba ya dubi kansa a madubi, ya ga tsoho da gemu fari fat. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ka riƙa ƙosar da shi. In ya ƙoshi ba ya faɗa."

Bayan mako ɗaya jajayen suka koma bakwai. Mai Aski ya zo har shago ya tambaya, Baba ya ce ya ƙara duwatsu don su sami maɓuya. Suka koma biyar, ya ce ya sauya ruwa. Kowace shawara in ya bayar sai ya ji kamar ya taka fasasshen gilashi ba takalmi, amma kullum gaskiyar ƙara nauyi take yi, don yanzu sai ya faɗi ƙaryar jiya da ta shekaranjiya tare. Ya daina bin layin Mai Aski. Gashinsa ya taru, ya shiga tura shi cikin hula. Abinci ma sai ya juya cokali ya ture kwano. Kunya ce take cinsa, ba wani abu ba, kuma ya san sunanta.

Ran nan da hantsi Mai Aski ya shigo, ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya daɗe yana kallon tankin bango. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Ya ce, "Saura ɗaya. Shi ma an yage masa jela, yana bayan dutse ba ya fitowa." Sannan ya ƙara, "Ba laifinka ba ne, ka gaya mini komai. Hannuna ne. Shekara shida marigayiya tana riƙe da su ko ɗaya bai mutu ba. Ni ta bar wa amana, ga abin da na yi."

Baba bai iya ɗaga kai ba. Da abokin ya fita, ya tsaya tsakiyar shago kamar wanda aka dasa. Can ya jawo wani siririn gilashi ya shimfiɗa a tebur. Bai buƙaci awo ba, shi ya haɗa tankin, yana riƙe da faɗinsa a ka. Ya ja abin yanka sau ɗaya, ya ɓalle, ya goge bakin, ya naɗe a tsohuwar jarida. Tafiyar minti uku ce zuwa layi na gaba, amma sau biyu yana tsayawa kamar zai koma.

Benci cike yake kamar kullum. Ya yi sallama, ya naɗe hannun riga, ya kora baƙin kifin gefe da 'yar raga, ya zura gilashin a tsakiya a hankali har ya zauna cikin tsakuwa. Ruwa ya kwanta. Gilashin ya ɓace a idon kowa. Baƙin kifin ya yo kan dutsen a guje, ya daki abin da ba a gani, ya koma.

Mai Aski ya ajiye almakashi, ya sunkuya, ya sa yatsa cikin ruwa ya taɓa bakin gilashin.

Ya ce, "Naka ma haka yake?"

"Tun ranar farko."

"Ran da na tambaye ka suna takwas."

"Suna takwas," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

Da ma zagi ya yi, ko ya kore shi a gaban jama'a, da Baba ya fi samun sauƙi. Mai Aski bai yi ko ɗaya ba. Ya goge yatsansa a riga, ya ɗauko ɗan cokalin marigayiya, ya zuba abinci a ɓangaren dutse. Sai da aka jima jan kifin ya leƙo, da guntuwar jelarsa, ya fara ci.

Mai Aski ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wata biyu ina roƙon ta gafara a kan abin da ba ni na yi ba."

Baba ya tsaya da jiƙaƙƙen hannu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa kan gashin da ke ƙasa. Mutumin da ke kan kujera ya tashi da rabin aski ya koma benci. Mai Aski ya kakkaɓe ƙyallen, ya nuna kujerar.

Ya ce, "Cire hular ka zauna. Ka yi ta kallon madubin nan har in gama."