Ranar da Aka Sa Zauresh-apa a Gaba

A ƙungiyarmu ta masu yawon daji a birnin Semey, kowa ya san wurin Zauresh-apa, can ƙarshen layi. Apa muke ce wa babbar mace don girmamawa. Mijinta Seyitkali ne ja-gaba, ita kuma mai rufe baya. Ƙa'ida ce mai rufe baya ba ya wuce kowa, ko da mutum zai wuni yana ɗaura igiyar takalmi. Ita ke tsintar hular da ta faɗi, ita ke jiran mai ciwon gwiwa, ita ke miƙa wa wanda ya fara haki busasshen cuku ya tsotsa. Sauran ranakun mako tana ɗinki a masana'antar riguna, da aka rufe masana'antar ta ci gaba da ɗinkin a gida. Ba ta da yawan magana. Seyitkali ne ke yin ta su biyu.

Tafiyar da muka fi so ita ce ta tsibirin maɓulɓula. A ratsa dajin karagai, dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, a gangara fadama, a keta iwa da taɓo har wani ɗan tudu mai ruwan sanyi, a dafa shayi a can. Seyitkali kaɗai ya san inda ƙasa ke ɗaukar mutum a fadamar. Mun sha roƙonsa ya sassari itatuwa don alama, sai ya ce, "Ku sari ƙafafunku mana, itace me ya yi muku?" Taurin kai kamar mutanen farko, Allah ya jiƙansa.

A lokacin sanyi Seyitkali ya rasu, bugun zuciya ne, a tashar bas. Zauresh-apa ba ta sake fitowa ba sai bayan sadakar shekara. Na sha zuwa wurinta. Za ta zuba mini shayi, ta zauna tana kallon bango, in na tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, Marjan." Ni kam da ta yi kuka da ya fi mini wannan lafiyar.

Ranar da ta dawo, muna sauka daga bas a bakin daji, sai Kuwanish, likitan haƙorin da ya gaji shugabancin ƙungiya, ya miƙa mata sandar ja-gaba da hannu biyu.

"Apa, yau ke ce a gaba."

"Ni baya nake bi."

"Haba Apa! Wa ya isa ya shiga gabanki a hanyar marigayi Seyitkali? Kin taka ta tun ina goye. In ba ki nuna mana ba, ai ta bi shi ke nan."

Ta dube shi, ta dubi sandar, ta karɓa. A wurinmu ba a mayar da girma sau biyu.

Cikin daji babu wahala, yashi ne da inuwa, hanya a fili. Toktar mai tasi, wanda tumbinsa kan riga shi isa ko'ina, yana ta marin wuyansa.

"Wallahi sauron nan ni kaɗai ya sani!"

Na ce, "Ya ji ƙanshin naman doki ne. Ka rage loma ka gani."

"Ke ai ya ɗanɗana ya tofar, jininki ɗaci gare shi."

Aka yi dariya. Zauresh-apa ba ta waiwayo ba.

Da muka iso bakin fadama ta ɗan tsaya, sannan ta yi hagu. Kuwanish ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Anya ba dama muke yi ba?"

"To faɗa mata mana."

"Ni? In gyara wa Apa hanyar mijinta? Ke ce ƙawarta."

"Kai ne shugaba."

Haka muka yi ta tura wa juna. Mutum fiye da goma, kowa da ilminsa, amma ba wanda zai iya gitta gaban babba. Kunyar nan tamu wata rana sai ta binne mu da rai. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Taɓo ya cinye takalmin Toktar ɗaya. Ita kuwa tafiya take ba sauri ba jinkiri, kamar mai zuwa kasuwa.

Can sandar ta nutse har hannunta bai ji ƙasa ba. Ta tsaya.

"Ban san hanyar ba," in ji ta. Muryarta ba ta ko girgiza ba.

Kuwanish ya ce, "Apa, ki dai tuna a hankali."

"Me zan tuna, ɗana? Ƙafafunku na sani. Toktar na jan ta hagu, Marjan na cinye dunduniyar takalmi. Shi yana can gaba, muryarsa kawai nake ji, in bi."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa tun a bakin daji?"

"Cewa na yi ko ƙafata ta riƙe abin da idona bai gani ba. Kuma ko in na taka inda ya taka, zan ji wani abu." Ta dubi ruwan. "Ban ji komai ba."

Muka juya. A kan yashi muka shimfiɗa ledar abinci, muka ci baursak, wato fankenmu, da ya yi sanyi, muka dafa shayi da ruwan famfon da ke cikin gorunanmu. Na cire mata takalma, ƙafafun sun yi fari fat, na yi ta murzawa. Na tambaye ta ko da zafi, ta ce a'a.

Kafin sanyi ya sake shigowa, Kuwanish ya kwashi maza suka yi ta komawa fadamar, ta dama, ta hagu, da dogayen sanduna da taswirar waya. Iwa ta rufe ko'ina. Daga ƙarshe suka haƙura, aka cire tsibirin daga tafiye-tafiyen ƙungiya, aka ce ni zan gaya mata.

A kasuwa na same ta tana zaɓen albasa. Ta saurare ni har na gama.

"To," ta ce. "Ashe bai gama mutuwa ba sai yanzu."

Ta ci gaba da latsa albasar ɗaya bayan ɗaya, tana ware ruɓaɓɓu. Ni ce na tsaya a tsakiyar kasuwa ina kuka, har mai albasa ta miƙo mini kujera.