Aji Uku Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya Malam Sake ya yi yana koyar da lissafi a makaranta guda, kuma da wuya a sami ɗalibin da ya san ainihin sunansa. Laƙabin ya samo asali ne daga kalma ɗaya tak da yake rubutawa da jan biro a ƙarshen duk aikin da bai gamsar da shi ba. Ɗalibi ya sami amsa daidai amma ya ja layi ba da rula ba, Sake. Ya rubuta kalmar "ɗaya" babu ƙugiya a kan harafin farko, Sake, ko da yake darasin ba na harshe ba ne. Matarsa ta sha gaya wa ƙannenta cewa wasiƙar farko da ta aika masa ta dawo mata da gyara huɗu, ta kuma aure shi duk da haka don ta ga iyakar abin.

Zane a allo shi ne abin alfaharinsa. Da alli da dogon katako yake fitar da lanƙwasar lissafi sumul, har sabbin malamai kan leƙo ta taga su kalla. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya sai ga takarda daga sama: duk mai koyar da ajin ƙarshe dole ya nuna wa sufeto darasi guda da kwamfuta da majigi, zanen yana motsi a gaban ɗalibai. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya fito fili cewa wanda bai iya ba za a karɓe ajin, kuma sito na neman mai kula da littattafai. Sufeto zai zo ranar Alhamis.

Malam Sake ya fito daga ofis. Ya koma gida, ya zauna gaban kwamfutar da babbar 'yarsa ta bar masa, wadda ya sa ta saka wa haruffan Hausa cikakku kafin ya yarda ya taɓa ta. Cikin kwana biyu ya haɗa zane biyu. Na farko lanƙwasa ce mai buɗe baki sama, ya sa wa fayil ɗin suna "aji uku sama". Na biyu mai kallon ƙasa, ya sa masa "aji uku ƙasa".

Ranar Litinin ya kai su ɗakin kwamfuta a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Mai kula da ɗakin ita ce Malama Tafireta, sa'arsa a aiki, wadda ta fara da buga takardun jarrabawa tun zamanin keken rubutu, sunan kuma ya bi ta har yau. Ta bayyana masa cewa burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ba ta nuna irin wannan zane da kanta, sai an liƙa mata wata 'yar manhaja da ake kira fulogin. Ta liƙa. Zanen farko ya fito tsaf, ana jan ɗan maɓalli da linzamin kwamfuta yana buɗewa yana tsukewa. Na biyu kuwa, akwati ne toka-toka, babu komai a ciki.

Nan wahala ta fara. Malam Sake ya duba lissafinsa sau shida, da biro da takarda, bai ga kuskure ba, ya kuma faɗi haka da ƙarfi ko da yake ba wanda ya zarge shi. Malama Tafireta ta ba fulogin izini, ta cire shi, ta sake liƙawa, ta share tarkacen da burauza ke tarawa. Akwatin yana nan. Shugaba ya leƙo ya ba da shawarar a kashe a kunna, kamar yadda yake ba da ita a kan firinta da fanka da duk abin da ke da waya. An kashe, an kunna.

Ranar Talata suka sabunta burauzar, abin ya ƙara lalacewa. Sabuwar ta ce ba ta san fulogin ɗin ba sam, har zanen farko ma ya ɓace. Rabin yini suka kashe kafin su dawo da tsohuwar. Malam Sake ya tsaya a bayanta, hannu a baya, yana tambayar yadda za a yi na'ura ta yarda da sama ta ƙi ƙasa, alhali bambancinsu a lissafi alamar ɗebewa ce kawai.

"Malam, numfashinka a wuyana ba zai buɗe ta ba," in ji ta. "Ga kujera."

Bai zauna ba. Ya fita, ƙafarsa ta kai shi ƙofar sito, ya tsaya yana kallon kwalaye da ƙura da 'yar kujerar da ba ta da majingini, ya juyo da sauri.

Ranar Laraba da rana Malama Tafireta ta ce bari ta kwafe fayil ɗin ta gwada a wata kwamfutar. Kwamfutocin makaranta ba su da haruffa masu ƙugiya, ita kuma ta gaji, sai ta buga sunan yadda ya zo mata. Ta danna. Lanƙwasar ta fito, kyakkyawa, tana kallon ƙasa. Ta buɗe na asali mai tsohon sunan, akwati ya dawo. Ta cire ƙugiyar, zane ya fito. Sai ta jingina da kujera ta yi dariya har da share hawaye. Tsohon fulogin ne, in ji ta, waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa jin labarin harafin ƙa ba, da ya ci karo da shi a sunan fayil sai ya ɗauka babu fayil ɗin.

Malam Sake bai yi dariya ba, domin sunan fayil yana fitowa ɓaro-ɓaro a saman allon majigi.

"Karanta abin da kika rubuta," ya ce.

"Aji uku kasa."

"Kina nufin in tsaya gaban sufeto da yara arba'in, a saman kaina an rubuta sun kasa?"

"Kowa zai gane, Malam."

"Kowa yana ganewa, shi ya sa ba wanda ya iya rubutu."

Ta tuna masa cewa shekara goma sha biyar ta yi tana bin takardun jarrabawarsa da biro tana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, saboda keken rubutun ofis ba shi da su, bai kuma taɓa ce mata sannu ba. Wannan kuwa ba a ɗora mata da biro. Ko ya haƙura da ƙugiyar, ko ya haƙura da ajin.

Ya tafi gida da zaɓi na uku a ransa: kalmar da ba ta buƙatar ƙugiya. Gangara ba ta yi ba, don zanen hawa yake yi kafin ya sauka. Lanƙwasa tana da ƙugiya. Faɗuwa ma haka, ga ta da mugun fata. Ya cika shafi da kalmomi yana sokewa. Matarsa ta zo ɗaukar kofi, ta leƙa fuskar kwamfutar.

"Duk wannan huci a kan kwano a kife?"

Ya rubuta "kife", ya bi haruffan ɗaya-ɗaya da bakin biro. Babu ƙugiya, kuma ma'anar ta fi tasa dacewa. Wannan ya fi komai ɓata masa rai. Ya ce mata ai dama yana dab da isa wurin, ta ce ta sani.

Ranar Alhamis sufeto ya zo, wanda a haife bai wuce ƙanin Malam na uku ba. Zanen biyu suka fito. Ɗalibai suka ja maɓalli, kwanon ya tsuke, ya baje, ya kife, wata yarinya a layin baya ta faɗi dalili tun kafin a tambaye ta. Sufeto ya sa hannu a takardarsa. Ajin ya tabbata na Malam Sake.

Shugaba ya ji daɗi ƙwarai, kuma jin daɗin shugaba bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Washegari ya aiko da jerin darussa arba'in da biyu, ya ce tunda Malam ya ƙware, ya shirya wa sauran malaman lissafi nasu zanen kafin ƙarshen zango. Malam Sake ya karanta jerin a tsaye a ɗakin kwamfuta: ƙari, ɗebewa, ninkin ba ninki, faɗi, zurfi, kusurwa mai faɗi, taƙaitawa. Galibin sunayen da ƙugiya. Ya tambayi Malama Tafireta ko babu wani fulogin da ya yi makaranta. Ta ce akwai, amma ba ya shiri da tsohuwar burauza, sabuwar kuma ba ta shiri da majigin.

Ya jawo kujera, ya zauna, ya ce ta ba shi takarda.