Ƙayar da na kai fadamar Tozai

Ni na kawo icen ƙayar da ya cinye fadamar Tozai, kuma ina zaune aka ɗora wa wani laifin.

Ina kiwon ragunan layya a bayan gidana a Illela, ina da gonar gado a Tozai. Wata shekara dusa ta yi tsada. Na tsallaka Ƙonni ta Nijar sayen wake, sai na tarar ana sayar da 'ya'yan wani ice, dogaye, kamar na gawo amma sun fi zaƙi. Mai sayarwa ya ce dabba na ƙiba da su. Na ɗauro buhuna a babur. Raguna suka ci, suka yi kyau. Da rani na kwashe takinsu na kai gona, na ba maƙwabta saura.

Ashe ƙwayar ba ta narkewa a cikin dabba. Da ruwa ya sauka, duk inda na zuba taki sai ga tsiro. Na gane shi, na yi shiru.

A shekarar ne wani dattijo Bafillace ya sauko daga arewa da iyalinsa, domin ciyawa ta ƙare a wajensu. Maigari ya ba shi wuri a bakin fadama. Bayan girbi shanunsa na kwana a gonakinmu, mu samu taki, shi ya samu kara da damin gero. Da ni yake yawan wasa. In ya hango ni sai ya kira ni yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, yau ma ka zo ganin gonar da shanuna ke noma maka?"

Icen ya girma ya yi 'ya'ya, awakin gari suka ci suka watsa. In ka sare shi ya tofo da rassa fiye da na da. Ƙayar na huda takalmi, tana fasa tayar amalanke. Masu albasa suka fara rasa wurin shuka.

Aka taru a ƙofar maigari. Wani ya ce ba a san wannan masifa ba sai da baƙon nan ya zo da shanunsa. Maigari ya juyo gare ni.

"Alhaji, kai ke shiga Nijar. Ka taɓa ganin iccen nan can?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Can wajensu ya yi yawa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, na kuma san yadda za a ɗauke shi. Aka ce dattijon ya tashi kafin damina. Alhali ni ma kakana daga ƙasar Adar ta Nijar ya zo da jaki ɗaya, mutanen Tozai suka ba shi gona ba su tambaye shi abin da ya kwaso a ƙafarsa ba. Ranar da suka ɗaure kaya ban je ba. Na ce zazzaɓi nake yi.

Shekaru suka wuce ina sallah da wannan abu a ƙirjina. Bara na je na faɗa wa maigari gaskiya a gaban mutane. Ya ce in an samu dattijon, wurinsa na nan.

Na same shi a kasuwar shanu ta Illela, ya rame, yana riƙe da igiyar saniya. Ya ce tun barinsu Tozai ba su yi damina biyu a wuri ɗaya ba.

"Kaɗo, mi ya kawo ka? Ba ka da kuɗin saniya."

Na durƙusa a cikin kashin shanu, dillalai na kallo. Na ce, "Baffa, ba shanunka suka kawo ƙayar nan ba. Ni na sayo ta a buhu, na kai ta gona da hannuna. Na sani ranar da aka kore ka, na bari. Maigari ya ce ka dawo in kana so. Ko ba ka dawo ba, don Allah ka yafe mini."